Ina Kwana Karatu, Amma Sakamakona Bai Wuce C Ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin zamantakewar al'umma a wata jami'a, yanzu na shiga aji uku. A zango huɗun da na yi na ɗauki yunit 72, CGPA ɗina, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, 2.31, ga kariyoba, wato kwas ɗin da na faɗi zan maimaita, a ƙididdiga. Wallahi ba wasa nake yi ba. Da jarrabawa ta matso a aji nake kwana, hanawut kuwa ido rufe nake kawo shi. Amma in sakamako ya fito, daga C sai D. Kwanan baya shugaban sashenmu ya tara mu ya karanta mana abin da masu duba sashen suka rubuta: wai ɗalibai suna juye hadda ba bayani, Turancinmu a rubuce ya yi rauni, muna tsoron lissafi, kuma kundayen 'yan ajin ƙarshe cike suke da kwafe. Sai na ji kamar takarduna kaɗai suka karanta. Hatsi mahaifina yake sayarwa ya biya mini kuɗin rajista, har yau na kasa gaya masa gaskiyar sakamakona. Malam, kaina ne ba ya ja? In canza kwas, ko in haƙura da karatun?

Ɗalibarka.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka wa mahaifinki da alheri, ya sa ki share masa hawaye.

Kada ki canza kwas, kada kuma ki ajiye karatu. Kan da zai ɗauke hanawut gaba ɗaya ya kawo shi ido rufe, kai ne mai ja. Abin da ya same ki shi ne kina kai kaya kasuwar da ba su ake saye ba. Ke hadda kike kaiwa, shi kuwa mai duba takarda fahimta aka ce ya biya. In kin koma wani sashen da wannan salon karatu, C da D ɗin za su bi ki can.

Rahoton da aka karanta muku abin riƙewa ne, domin ba zato aka rubuta a ciki ba. Jami'a kan gayyato babban malami daga wata jami'ar ya duba tambayoyin ajin ƙarshe, ya ɗebi takardun amsa na sama da na tsakiya da na ƙasa, ya karanta kundaye. Ayarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, su ma in sun zo tantance kwas sukan nemi tsofaffin tambayoyi, tsarin ba da maki, takardun amsa da kundayen ɗalibai. Wanda ya karanta takardu masu yawa a zama ɗaya yana ganin kuskuren da ke maimaita kansa. Shi ya sa kika ji kamar da ke ake.

Bari mu fara da lissafin inda kike, don ki san abin da zai yiwu. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke amfani da shi, A daga 70 take kuma tana da maki 5, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, D daga 45 maki 2, E daga 40 maki 1, F babu komai. Yunit shi ne nauyin kowane kwas, da shi ake ninka makinsa, don haka yunit 72 sau 2.31 na nufin kin tara maki kusan 166. Mu ɗauka saura miki yunit 72. A matakan digiri, ƙaramin mataki na biyu yana farawa daga 2.40, babban mataki na biyu daga 3.50. Idan a wannan zangon kika ɗauki yunit 18 kika tashi da matsakaicin C, wato maki 54, jimillarki ta zama 220 a kan yunit 90, CGPA 2.44. Kin fita daga mataki na uku a zango ɗaya. Idan kika riƙe matsakaicin B har ƙarshe, za ki gama da 3.15. Babban mataki na biyu kuwa sai kin ci 4.69 a duk abin da ya rage, kusan A a kowane kwas, kuma ba zan ruɗe ki da shi ba. Ki sa 3.00 zuwa sama a gabanki. Ki duba littafin dokokin sashenku ki tabbatar da iyakokin, don wasu jami'o'in sun ɗan bambanta.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda in kin gyara ta sauran za su zo da sauƙi.

Kowace tambayar jarrabawa tana da kalmar umarni a farkonta, kuma ita ce ke faɗin irin amsar da ake biya. "List" ko "mention" na nufin jero kawai. "Explain" na nufin faɗi yadda abin yake faruwa da dalilinsa. "Discuss" na son ki juya maganar ta fuska fiye da ɗaya. "Compare" na son ki ɗora abu biyu a kan ma'auni ɗaya, ba ki rubuta labarin wannan a shafi ɗaya na wancan a wani shafin ba. "Evaluate" da "critically examine" kuwa hukunci suke nema daga gare ki, da hujja. A aji ɗaya ana yawan tambayar ma'ana da jerin abubuwa, hadda tana fitar da mutum. Daga aji biyu zuwa sama tambayoyin kan koma "discuss" da "examine", ɗalibi kuma bai sauya ba, sai makinsa ya fara zamewa bai san dalili ba.

Ɗauki misali daga fanninku. An ce ki tattauna dalilan ƙaurar mutane daga karkara zuwa birni, maki 20. Malami na iya raba makin kamar haka: 3 na gabatarwa da ma'ana, dalilai biyar kowanne maki 3, sai 2 na kammalawa. A cikin ukun nan na kowane dalili, ɗaya ne na ambatonsa, biyun na bayani da misali. Ɗalibar da ta jero dalilai biyar daidai, har ma ta ƙara uku don nuna ta yi karatu, maki 5 ta samu cikin 15. In an haɗa da gabatarwa ta tashi da 8 cikin 20. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, amma kashi 40 cikin ɗari ke nan. Daga nan ƙarancin makinki yake fitowa.

Maganinsa shi ne kowane dalili ya zama sakin layi mai ƙafa huɗu. Ki faɗi dalilin a jimla ɗaya. Ki bayyana yadda yake aiki. Ki kawo misali na zahiri. Sannan ki nuna iyakarsa, ko ki ɗaure shi da wani ra'i da aka koya muku. Ga yadda zai kasance: rashin aikin yi bayan girbi yana tura matasa birni. Noman da ya dogara da ruwan sama wata huɗu zuwa biyar yake ɗauka, sauran shekara hannu a sake, kuɗi kuma ba ya shigowa. Shi ya sa 'yan cirani ke cika Kano, Abuja da Legas da rani suna dako, gini da sayar da ruwa. Wannan ya dace da ra'in Everett Lee na 1966 game da abubuwan da ke korar mutum daga gida da waɗanda ke janyo shi wani wuri, sai dai ɗan cirani yakan koma da faɗuwar damina, don haka ƙaurarsa ta lokaci ce, kuma ƙauyen da ke da fadamar noman rani bai cika rasa matasansa haka ba. Jimla huɗu ko biyar ke nan, kuma sun cinye maki ukun duka. Ki lura, misalin cirani ba daga hanawut ya fito ba, daga abin da kika sani tun kina yarinya ya fito. Ɗalibai da yawa suna ganin abin da suka sani daga gida bai cancanci shiga takardar jarrabawa ba, alhali a fanninku shi ne ke nuna wa malami cewa karatun ya zauna.

Akwai wata hanya ta sanin abin da za a tambaya tun kafin a tambaya. Manhajar da NUC ta ƙaddamar a watan Disambar 2022, wadda ake kira CCMAS, ta rubuta a ƙarƙashin kowane kwas abin da ake son ɗalibi ya iya yi in ya gama shi. Tana nan a shafin hukumar na intanet. Ki sauke ta fanninku, ki ja layi a ƙarƙashin kalmomin umarnin da ke wurin. Ki haɗa da tsofaffin tambayoyin shekara biyar na kowane kwas. Za ki ga batutuwa shida ko bakwai ne ke zagayowa da sabuwar riga.

Sai yadda kike karatun kansa. Kin san a makarantar allo ba a cewa yaro ya iya sai ya kife allon ya biya, kuma mahaddaci ba ya barin tilawa don ya taɓa saukewa. Hikimar nan ita ce binciken zamani ya tabbatar. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun sa wasu ɗalibai su yi ta maimaita karanta rubutu, wasu kuma su karanta su rufe su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda masu rufewa sun wuce su. Maimaita kallon shafi yana sa ki saba da shi har ki ɗauka kin iya, sai an ɗauke shafin ki ga ba haka ba.

Don haka a ranar da aka yi lakca, kafin ki kwanta, ki ba ta minti 15: rufe littafi, rubuta abin da kika tuna a farar takarda, buɗe ki cike giɓin da jan biro. Ki sake bayan kwana uku, bayan mako, sannan bayan wata. Amma kada ki tsaya a kan "mene ne". Kowane batu ki yi masa tambaya uku: me ya sa, ina misalinsa a garinmu, a ina maganar ba ta aiki? In kin iya yi wa ƙawarki bayaninsa da Hausa ba tare da kin sako jimlar hanawut ba, kin gane shi. In kin tsaya cak sai da Turancin malam, hadda ce kawai. Ki ware awa ɗaya a mako ga kowane yunit, wato awa 18, awa uku a rana har kwana shida. Daga mako na shida na zango, duk Asabar ki ɗauki tsohuwar tambaya ɗaya, ki sa agogo minti 30, ki rubuta cikakkiyar amsa da hannu. Kwanan aji kuwa ki daina shi. Barci ne ke zaunar da abin da aka koya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada ki raina makin gwaji da jinga. In kason su 30 ne jarrabawa 70, wadda ta shiga ɗakin jarrabawa da 24 tana neman 36 kawai ta samu B. Wadda ta shiga da 12 sai ta ci 48. Ki kuma kiyaye halartar aji, don jami'o'i da yawa suna sharɗanta kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarrabawa.

Maganar Turanci ba ta kai girman da ake ba ta ba, in an san inda ciwon yake. Malami ba ƙawa yake nema ba, so yake ya gane abin da kike nufi a karatu ɗaya. Kurakuran mai jin Hausa sanannu ne, kuma suna da dalili. A Hausa lokaci yana kan wakilin suna: ya tafi, zai tafi, yana tafiya. A Turanci yana kan aikatau, shi ya sa ake mance "s" da "ed" a ƙarshen kalma, ko a fara sakin layi da shuɗaɗɗen lokaci a ƙare da na yanzu. Sai "a" da "the" da ake zubarwa, da musanya "p" da "f" a rubutu, da ƙara "s" a kalmomin da ba sa ɗaukarta irin su "information" da "equipment". Mafi cutarwa ita ce doguwar jimla mai layi biyar da waƙafi kaɗai ke riƙe da ita. Ki sa wa kanki doka: jimla kada ta wuce kalma 20, ra'ayi ɗaya a jimla ɗaya. Kullum ki rubuta kalma 150 a kan abin da aka koya ranar, ki karanta da ƙarfi, kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Sau ɗaya a mako ki ba wanda ya fi ki ya yi miki gyara, ki buɗe shafi a bayan littafinki ki riƙa tara kurakuran. Za ki tarar guda biyar ko shida ne ke ta dawowa. Su za ki yaƙa, ɗaya bayan ɗaya.

Kariyobanki na ƙididdiga ki fara rajistarsa kafin komai, kuma ki san tsadarsa. A tsarin da aka saba, F ɗin ba ta gogewa daga lissafi. Kwas mai yunit 3 da aka faɗi sannan aka ci B, maki 12 ne a kan yunit 6, daidai da D. Faɗuwa ta biyu asara ce babba.

Yawancin masu faɗuwa ƙididdiga ba a jami'a suka faɗi ba, tun a sakandare aka bar su a baya: kaso cikin ɗari, ɓangarorin lamba, alamar ɗebewa, da wanda ake fara yi tsakanin sau da tarawa. Ki samo littafin lissafin ƙaramar sakandare ki ba waɗannan mako biyu, ba abin kunya ba ne. Bayan haka ki riƙe cewa ƙididdiga ba a karanta ta, yin ta ake yi. Ki rufe misalin da malam ya warware, ki warware da kanki, tambaya biyar a rana, da na'urar lissafin da za ki shiga jarrabawa da ita. Kuma duk amsar da kika samu ki rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashinta mai faɗin abin da lambar ke nufi, domin a nan ne masu dubawa suka fi kuka. Misali, gidaje biyar suna samun naira dubu 30, 35, 40, 45 da 350 a wata. In an tara an raba biyar, dubu 100 ne. Lambar tsakiya kuwa dubu 40 ce. Wanda ya ce gidajen unguwar suna samun dubu 100 lissafinsa daidai ne, amma ya ɓatar da mai karatu, don gida ɗaya ne ya ja lambar sama. Sanin wacce za a ɗauka da dalilin ɗaukarta shi ne ilimin.

Wannan zai bi ki har kundin digiri, wanda a sassa da yawa yunit 6 ne, wato A a cikinsa maki 30. Ki fara shiri tun bana. Zaɓi batu ƙarami da ƙafarki za ta iya kaiwa: cirani a gunduma ɗaya ya fi ƙaura a Nijeriya baki ɗaya. Kuskuren da aka fi kamawa shi ne babi-babi ba sa magana da juna. In manufofin bincikenki uku ne, tambayoyin bincike su zama uku, takardar tambayoyi ta kasu uku bayan bayanan mai amsawa, sakamako a babi na huɗu ya amsa ukun nan bi da bi, shawarwari kuma su fito daga abin da kika gano. Yawan mutanen da za ki tambaya ma sai da hujja. Da ƙa'idar Yamane ta fitar da wannan adadi, in jama'ar 1,000 ce kuma kin yarda da kuskuren 0.05, za ki raba 1,000 da 3.5 (wato 1,000 sau 0.05 sau 0.05, a ƙara 1), ki samu 286. In 250 suka dawo da takarda, ki faɗi haka, kashi 87.4 cikin ɗari, kuma duk kason da za ki fitar ki gina shi a kan 250.

Kwafe kuwa sau da yawa ba da niyyar sata yake farawa ba. Ɗalibi ya kwaso sakin layi daga intanet ya ajiye da nufin zai gyara, wata uku baya ya mance ba nasa ba ne. Ki karanta, ki rufe, ki rubuta da kalmominki, sannan nan take ki sa sunan marubuci da shekara. Sauya kalma biyu-uku a jimlar wani bai mai da ita taki ba. In kalmominsa kike so daidai, ki sa alamar zance da lambar shafi. Ki tanadi littafi guda na manazarta: suna, shekara, take, mujalla ko maɗaba'a, shafi. Ki tambayi salon rubuta manazarta da sashenku ke bi, galibi APA ne a fanninku. Duk sunan da ke cikin rubutu ya fito a jerin ƙarshe, duk na jerin ƙarshe ya kasance an ambace shi a ciki. Jami'o'i da dama suna saka kundaye a manhajar Turnitin mai gano kwafe. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma sukan ƙago sunan marubuci da maƙalar da babu ita a duniya, don haka duk abin da ba ki gan shi da idonki a shafin neman maƙalu na Google Scholar ko ɗakin karatu ba, kada ya shiga kundinki. Masu sayar da kundi a bakin ƙofar makaranta ki yi nesa da su. Ranar kare kundi tambaya ɗaya ce ke tona asiri, "me ya sa kika zaɓi wannan hanyar?", kuma hukuncin na iya kai wa ga kora.

A wannan makon ki yi abu biyu. Ki rubuta amsar tsohuwar tambaya ɗaya da salon ƙafa huɗun nan, ki ɗauki ƙawarki ku je ofishin malamin kwas ɗin a lokacin aiki, ki ce, "Malam, don Allah a duba mini inda zan rasa maki a nan." Tambaya ce da malami zai iya amsawa cikin minti biyar, ba kamar "ban gane kwas ɗin ba". Ku kuma biya wurin malamin da ke kula da ajinku ya tabbatar miki da jimillar yunit da makinki, don a gyara in akwai kuskure tun kafin ajin ƙarshe.

Na biyu, mahaifinki. Ki gaya masa, ko ta bakin mahaifiyarki in nauyi ya hana ki. Kada ki je da kuka kaɗai, ki je da takardar lissafin nan: Baba, ga inda nake, 2.31, ga inda zan kai a ƙarshen wannan zangon in Allah ya yarda, 2.44 ko fiye; ga abin da na sauya. Ki roƙe shi addu'a, kuma in sakamakon zangon ya fito ki kai masa da hannunki.